Faci a Bakin Ramin Kuza

Inda kwalta ta ƙare a bayan Bukuru,
nan Asabar ɗina take farawa.
Ni da Dalyop, kekuna biyu, gora ɗaya,
ƙosai biyar a leda.
Hazon Agusta na kwance kan duwatsu
kamar baƙon da ya ƙi yin sallama.

Burji ba ya ƙarya.
Kwalta takan lallashe ka har ka manta kana da ƙugu,
amma tsakuwa, ƙaras-ƙaras,
kowace ɗaya sai ta gaisa da haƙoranka.
Dalyop na gaba, jar laka ta yi masa zane a gadon baya,
yana ihu ba ya waiwaye:
"Bi dama! Ruwa ya cinye hagu!"

Muka ratsa tsakanin shingen ƙerana,
acca ta sunkuya da nauyin raɓa,
dankali ya yi farin fure.
Wani kare ya raka mu har iyakar gidansu,
ya juya abinsa, ya gama aiki.
Hawan Du ya karɓi numfashina bashi,
gangara ta biya ni har da gyara.

Sai tayar baya ta ce fus.

Ƙaya ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.
Na kifa keken, ƙafafu sama,
na zare tif, na gangara wajen ruwa.

Ruwan kore ne, ya yi lif, ko kifi bai motsa ba.
Baƙi daga Abuja sukan ce tafki, su ɗau hoto.
Mu mun san sunansa na yanka: rami.
Kakana Sallau ya tako daga Kazaure da ƙafa
yana ɗan sha bakwai,
aka ɗora masa kwanon sarki a ka,
ya hau, ya sauko, ya hau,
har ƙasar ta zama wancan jan tudun
da itacen turare ya rufa wa asiri.
Kuzar ta hau jirgin ƙasa, ba ta ko waiwayo ba.
Shi ya tsira da tari, da sanƙo a tsakar ka.
Ramin kuwa, damina ta gaje shi.

Na ba tif iska, na danna shi cikin ruwan
ina juyawa taƙi-taƙi.
Sai ga kumfa, ƙanana, a jere,
kamar wani can ƙasa
bai gama sauke numfashi ba.
Na daɗe ina kallo
fiye da yadda faci yake bukata.

Ngo Kangyang na gefe tana wanke karas.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Yaro, kar ka wuce gwiwa.
Wannan ba ya mayar da abin da aka ba shi."

Muna jiran sholisho ya sha iska,
Dalyop ya nuna tsakiyar ruwan da haɓa:
"Gonar kakana ke nan, kafin a haƙa."
Na yi shiru.
Zalɓe ya tashi daga wancan gaɓar, ya sake sauka.
Na ce, "Ashe kakana ne ya kwashe ta a ka."
Ya dube ni, ya dubi ledar.
"To, biya ni," in ji shi,
ya ɗauke ƙosai na biyar.

Facin ya kama.
Ngo ta cusa mana karas biyu a aljihu,
ta ƙi karɓar ko sisi.
Hadari ya haɗo ta wajen Kuru,
muka taka feda, sarƙa na kukan yashi.
Ban shanya tif ɗin ba kafin na mayar,
don haka har gida
ruwan ramin na zagaye cikin tayata,
yana hawa, yana saukowa, yana hawa.